Yadda za ka mai da wayarka lakwal ko da forfenka ƙarami ne: kimiyya, zane, rubutu da gini

Salamu alaikum 'yan'uwa na Marwa da Garwa da Gaundare, da mutanen Kusuri har da waɗanda ke ƙetaren gada a Njamena. Ni refetishon, wato ƙarin darasi, nake yi wa yara da yamma a zauren gidanmu nan Marwa, lissafi da fizik, kuma tambayar da iyaye suka fi yi min ita ce, malam wai da gaske akwai karatu a cikin wayar nan ko dai duk rawa ce da kallon ƙwallo? Akwai wallahi, akwai wanda ko a lise ba a samu ba a zamaninmu, kuma mafi yawansa ko dala ba a biya. Abin da ya rage shi ne sanin hanyar ɗebo shi, don mu nan abu uku ne suka ɗaure mu, mega na da tsada, rezo ya zo ya tafi, kuran, wato wutar lantarki, kuma sai ya yini bai leƙo ba.

To dabarar farko, kar ka zauna kana karatu kai tsaye a intanet, megarka za ta ƙare tun ba ka gane komai ba. Ka ɗauke shi kamar ruwan famfo, in ya zo cikin dare sai a tashi a cika randa da jarkoki, gari ya waye a yi ta amfani. Ka sayi katin memori na giga 32 in da hali, amma ka saya a hannun wanda ka yarda da shi, ni na taɓa sayen wani a kasuwa da rubutun giga 64 a jikinsa, ina cika giga huɗu komai ya lalace, aikin sati biyu ya bi ruwa. Sai ka jira forfen dare, wato megar da ake saya ta dare, in layinka na da shi, ko ka je inda ka san akwai wifi, sibar ko ofishin wani ɗan'uwa, ka sauke abin da za ka yi sati kana karantawa. In bidiyo ne ka rage shi zuwa 360p ko ma 240p, malamin da ke rubutu a allo ba sai ka ga gashin girarsa ba. Kuma in kun kai ku biyar a unguwa kar kowa ya sauke abu ɗaya, ku raba aikin, kowa ya kawo nasa ku tura wa juna ta Xender ko bulutut.

Manhajar da nake fara sa wa kowane yaro ita ce Kiwix. Aikinta ta ajiye maka Wikipedia cikin waya ka riƙa buɗewa ba rezo ba mega. Kana shiga za ka ga jerin fayiloli, kar ka yi gaggawar danna Wikipedia ta Faransanci gaba ɗayanta mai hotuna, wannan giga ce masu yawa, ka nemi ƙananan da aka ware, na lissafi daban, na fizik daban, na shimi daban, ko ka ɗauki wadda ba hotuna. Ta Hausa ma tana nan kuma ba ta da nauyi sosai. Ƙananan yara kuma a sauke musu Vikidia, an yi ta ne don 'yan shekara 8 zuwa 13, Faransancinta mai sauƙi ne, ɗan CM2 zai iya bi.

Yanzu kimiyya. A nan PhET ce uwa ma ba da mama. Jami'ar Kolorado ta Amurka ce ke da ita, wani malamin fizik Carl Wieman da ya ci kyautar Nobel a 2001 shi ya kafa ta a 2002, kuma abin da ke ciki ɗakin gwaji ne na cikin allo, kana jan abu da yatsa kana ganin abin da zai faru. Yaranmu da yawa har su yi jarrabawar farobatuwar ba su taɓa riƙe abin auna ƙarfin kuran da hannunsu ba, sai hadda. Ka shiga shafin, ka mai da harshe Faransanci, ka nemi gwajin haɗa da'irar lantarki, akwai alamar saukewa a ƙarƙashinsa, fayil guda ne zai buɗe ko ba intanet. Amma ga yadda ake yi don kar ya zama wasa kawai: kafin yaro ya taɓa komai ya ɗauki kaye ya rubuta abin da yake zaton zai faru. Misali ƙwan fitila biyu a jere kan waya ɗaya, in aka cire ɗaya me zai sami ɗayan? Ya rubuta tukuna, sannan ya gwada. Ɗiyar yayata da ke aji na uku a kwaleji ta rubuta cewa ɗayan zai ƙara haske, ta cire, sai duka suka mutu, ta yi shiru ta kalle ni ta ce kawu to me ya sa a gidanmu in ƙwan ɗaki ya ƙone na tsakar gida ba ya mutuwa? Na ce sake haɗawa, ki ba kowane ƙwai hanyarsa. Ranar ta gane bambancin haɗin jere da haɗin reshe, abin da ta yi wata biyu tana haddacewa ba ya zama.

Na lissafi akwai Khan Academy, tana da Faransanci, wata ƙungiya Bibliothèques Sans Frontières ce ta yi aikin fassarar, darasi daga ƙirga har lissafin aji na ƙarshe, da atisaye da ke gyara maka nan take. Akwai kuma Yvan Monka a YouTube, malamin lissafi ne a Faransa, bayaninsa a natse yake, sai dai tsarin karatunsu ba daidai yake da namu ɗari bisa ɗari ba, don haka ka riƙe littafin ajinka a gefe ka nemi darasi da sunansa, ba da sunan aji ba. GeoGebra kuma ta zana maka kowace fonkshon, tana aiki ba rezo.

Wadda ta fi burge ni kam phyphox ce, ta jami'ar Aachen a Jamus, don ita ba kallo ba ce, wayar taka ce take mayarwa kayan awo. Ku gwada auna gudun sauti, waya biyu ake buƙata da mutum biyu da mita. Ku buɗe agogon da ƙara ke tayarwa a duka wayoyin, ku ajiye su nesa da juna mita biyar a wuri mai shiru, bayan asuba ya fi kafin masu babur su fito. Na farko ya tafa da ƙarfi kusa da wayarsa, duka agogon biyu za su tashi, sai na biyu ya tafa kusa da tasa duka su tsaya. Lokutan ba za su zo daidai ba. Ka ninka nisan sau biyu, mita goma ke nan, ka raba da bambancin lokutan biyu. A littafi an ce wajen mita 340 a daƙiƙa, amma sauti na ƙara gudu cikin iska mai zafi, a zafin Afrilu namu da ke kai 40 zai doshi 355, kuma yaron da ya auna da hannunsa ya ga lambar ta faɗo kusa da ta littafi, ka ga fuskarsa.

Sama kuma Allah ya ba mu ita kyauta, daren da kuran ya ɗauke shi ne daren karatun taurari. Ka sa Stellarium, ka ɗaga waya sama za ta faɗa maka sunan abin da kake kallo, sai ka je ka tambayi kaka sunansa na gida. Kaza da 'ya'yanta su ne Pléiades a cikin manhajar, Zara matar wata kuwa ashe ba tauraruwa ba ce irin sauran, duniya ce, Venus. Ga wani abu da za ka yi wa masallacin unguwa: ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Kamaru da Cadi, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da 10:27, rana tana daidai saman Ka'aba. Ka kafa sanda a miƙe, inuwarta na kwance kan layin alƙibla, in ka tsaya kan inuwar ka fuskanci sandar to gabas ɗinka ta daidaita. Kar a kalli ranar da ido dai, inuwa ake kallo.

Saura a gurguje. Pl@ntNet ka ɗauki hoton ganye ko fure ta ba ka sunan itacen, a gwada da darbejiyar bakin titi da aduwa da magarya. A Google Earth akwai wurin da ke nuna hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1984, ka nemi tafkin Cadi ko madatsar Lagdo ko ma Marwa kanta ka ga yadda gari ya cinye gonaki, amma wannan na shan mega, sai da wifi. Mutanen Cadi kuma ku nemi Toumaï, ƙoƙon kan nan da aka tono a hamadar Djurab a 2001 wanda masana suka ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan 7.

Zane. Mu nan in yaro na zane a bayan kaye sai a ce ɓata takarda yake, alhali garin nan da aikin hannu aka san shi, je ka wajen dukawa da majema ka gani, ko masu ɗinkin hula, ko matan da ke ƙona zane a jikin ƙwarya. Gidajen tarihi manya sun zuba kayansu a intanet. Louvre ta Faris ta buɗe nata a 2021, abubuwa sama da 480,000, Google Arts & Culture kuma na ba ka damar kusanto hoto har ka ga sawun buroshi, kuma a 2022 sun sa dubban shafukan littattafan Tumbuktu na rubutun hannu, duk mai son zayyana ya je ya ga ado da jan tawada. Amma ni inda nake fara tura yara shi ne shafin gidan tarihin Quai Branly, ka rubuta Sao ko Kotoko ko Haoussa ko Maroua a wurin nema, za ka ga kayan kakanninmu na bakin Logon da Shari, tukwane da mutum-mutumin yumɓu da kayan fata, suna can Faris a ajiye. Akwai ɗaci a ciki gaskiya, amma tunda ga hoton a hannunka, ɗauki fensir ka kwafa.

Yadda za ka koya kuwa ba wani sirri. Minti goma sha biyar kullum, abu guda, kuma abin ya kasance a gabanka, buta ko murhu ko takalmin baba. Ka kalli darasi ɗaya a kan inuwa da haske, ka kashe waya, ka zana butar sau uku, safe da rana da yamma, don inuwar na sauya wuri. Kar ka tara darasi hamsin ba ka zana ko layi ba. Wanda kuma yake da takatsantsan kan zanen mai rai, fili na nan a buɗe, dagi da zayyanar allo da zanen lalle da adon bango, duk kamfas da rula ne da haƙuri, kuma GeoGebra ɗin nan ta lissafi tana taimakawa sosai wajen fitar da tauraro mai kusurwa takwas ko sha biyu. In hannu ya faɗa a takarda sai a koma ibisPaint ko Sketchbook a waya, Krita a kwamfuta.

Rubutu kuma, fara gyara allon rubutunka. Ka shiga saitin Gboard ka ƙara Hausa, za ka sami ƙ da ɗ da ɓ, don kafa daban ƙafa daban, dan daban ɗan daban. Mu da muka yi lakwal da Faransanci ba wanda ya koya mana ƙa'idar rubutun Hausa, shi ya sa za ka ga mutum ya rubuta ou a wurin u, tch a wurin c. Ba abin kunya ba ne, gyara ake yi. Kullum ka karanta labari ɗaya a shafin Hausa na BBC ko RFI ko DW, ba don labarin kawai ba, ka lura da inda suke raba kalma da inda suke haɗewa, ka kwafi sakin layi ɗaya da bik a kaye. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 yana intanet, za ka tarar da kalmomin da rabonka da jin su tun bakin kakarka. Sannan African Storybook da StoryWeaver na da ƙananan littattafan yara masu hotuna da Hausa kyauta, kuma suna barin mutum ya fassara ko ya rubuta nasa. Nan nake so matasanmu su shiga. Ka zauna da inna ko gwaggo da dare ka ce ta yi maka tatsuniya, ka nemi izininta ka naɗi muryar, washegari ka rubuta yadda ta faɗa ɗin, da Hausarmu ta nan mai gaurayen Fillanci, kar ka wanke ta ta koma ta rediyo. Wikipedia ta Hausa ma tana jiran masu rubutu a kan garuruwanmu, Mokolo da Yagwa da Gidar da Mora, ka buɗe suna ka fara da gyaran kuskure ƙanana kafin ka ƙirƙiri sabon shafi, kuma duk abin da za ka rubuta ka nuna inda ka samo shi.

Na Faransanci, RFI na da labarai cikin Faransanci mai sauƙi na minti goma tare da rubutunsu, ka saurara ka rubuta abin da ka ji sannan ka gwada da nasu, dikte ke nan ba malami. Abu ɗaya nake roƙo, manhajojin nan da ke rubuta wa mutum amsa, kar yaro ya miƙa musu aikin gida. Ya rubuta nasa da kurakuransa tukuna, in ya so ya tambaye su ina ya kauce, kuma ko nan ma ya duba, suna faɗin abin da ba haka ba da cikakken ƙarfin hali, balle da Hausa.

Sai gini, wanda shi ne ya fi kama zuciyata don baffana magini ne, na taso ina miƙa masa tubali. Ka nemi Archnet, jami'ar MIT da cibiyar Aga Khan ne suka haɗa shi, cike yake da hotuna da taswirar gine-ginen ƙasashen Musulmi. Rubuta Yaama za ka ga masallacin Juma'a na wani ƙauye a jihar Tawa ta Nijar wanda magini Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Nemi masallacin Juma'a na Zariya na Babban Gwani Muhammadu Durugu ka ga bakan gizo da ɗaurin guga na ƙarni na 19. Sai Francis Kéré ɗan Burkina Faso, ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya, a 2022. Makarantar da ya gina a ƙauyensu Gando aka gama a 2001, bangon tubalin ƙasa ne, kwanon rufin kuma ya ɗaga shi sama nesa da silin don iska ta ratsa tsakani ta kwashe zafi. Duk wanda ya taɓa zama a ajin bulo mai kwano da ƙarfe ɗaya na rana a watan Maris ya san darajar wannan dabarar. Cibiyar CRAterre ta Grenoble a Faransa tun 1979 take bincike kan ginin ƙasa, tana da takardu da Faransanci da ake saukewa.

Amma fa babban darasin yana nan kusa da mu, a Pus da Maga, ɗakunan Musgum masu tsini kamar kan harsashi. Ƙasa zalla, ba azara ba ƙarfe ba katako, wasu su doshi mita 9 a tsaye. Me ya riƙe su? Ga yadda za ka gani da idonka. Samo siririyar sarƙa ko igiya mai nauyi, ka kafa ƙusa biyu a bango kusa da juna, ka rataya bakinta biyu ka bar tsakiyar ta sauko da kanta. Ɗauki hoto, ka juya hoton ƙasa ta koma sama, sai ka ajiye shi gefen hoton ɗakin Musgum. Kusan siffa ɗaya ce. Sarƙar da ke rataye ja kawai take sha, in ka kifar da siffar sai ya zama danni kawai, ƙasa kuwa danni take ɗauka, ja ne ba ta so. Wani Bature Robert Hooke ya rubuta wannan a 1675, su kuwa maginan bakin Logon a hannu suke da abinsu. Tudun-tudun da ke jikin ɗakin ma ba ado kaɗai ba ne, matakala ce ta hawa a yi yaɓe, kuma suna rarraba ruwan sama kar ya zaizaye wuri ɗaya. Ranar da na nuna wa baffa hoton sarƙar a juye ya daɗe yana kallo, can ya ce ɗana, to ai bakan gizon da muke ɗaurawa ma kusan haka yake kwantawa, mu dai ba mu san da sarƙa ba. Mutanen Njamena kuma Gawi na bakin ƙofarku, ku je ku ga gidajen Kotoko masu ado a bango.

In kana so ka fara da hannunka, sayi mita da kaye mai ƙananan gidaje, ka auna gidanku. Santimita ɗaya a takarda ta tsaya a matsayin mita ɗaya a ƙasa, shi ne ake rubutawa 1/100. Fara da zaure, ka auna har kaurin bango, mutane na manta shi sai zanen ya ƙi haɗuwa. Ka sa alamar arewa, ka rubuta bangon da rana ke duka da la'asar, da inda ruwan indararo ke zuba, da ta inda iskar hunturu ke shigowa da ƙura. In kana shakkar ko kusurwa ta miƙe, auna santimita 60 a bango ɗaya, 80 a ɗayan, tsakaninsu ya ba ka 100, lissafin Fitagoras ɗin nan ne na aji, magina na yin sa kullum da igiya. In ka gama a takarda sai ka ɗora shi a Sweet Home 3D, kyauta ce a kwamfuta kuma ba ta neman intanet, za ka ga gidan ya tashi tsaye ka shiga ka fita. SketchUp ta kyauta tana buƙatar rezo mai kyau, ka bar ta sai ka samu.

Wanda abin ya shiga ransa har yake so ya zama sana'a, akwai EAMAU a Lome ta Togo, makarantar koyon zanen gini ce ta haɗin gwiwar ƙasashe da Kamaru da Cadi ke ciki, da jarrabawa ake shiga bayan bak, wato jarrabawar gama lise, akwai kuma sashen gine-gine a makarantar fasahar zane ta Fumban ƙarƙashin jami'ar Dschang. Darussan jami'a na kyauta da Faransanci kuma a duba FUN MOOC. Sanarwar jarrabawa a shafin makarantar da kanta ake dubawa, duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp wai an ba ka tallafin karatu amma ka fara tura kuɗin fom ta waya, ɓarawo ne, kar ka tura ko dala. Kuma ka adana zanenka na gidanku da na butar da hoton sarƙar cikin jaka guda da kwanan wata a jikin kowanne, ka ɗauki hotonsu ka ajiye a katin memori saboda gara da ruwan damina.